Ziyarar Junju Ba Ta Buƙatar Biza

Kowace shekara idan watan Yuni ya kama, akwatunan talbijin sukan nuno mana tsofaffin Turawa, wasu bisa keken guragu, ƙirji cike da lambobin yabo, an ɗauko su daga Amurka da Ingila da Kanada an kai su bakin tekun Normandi, inda rundunonin ƙawance suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944 domin fatattakar sojojin Hitila daga Faransa. A bayansu jikoki ne da tattaɓa-kunne da 'yan makaranta mota-mota, kowa na laluben sunan wani nasa a jikin farin dutse. Maƙabartar Amurkawa kaɗai da ke wurin tana ɗauke da kaburbura sama da 9,000, an jera su kamar an ja zare. A garin Ypres na ƙasar Baljiyam akwai wata ƙofa da aka sassaƙa wa sunayen sojoji fiye da 54,000 waɗanda ba a ga gawarsu ba, kuma tun 1928, kowane dare da ƙarfe takwas, ake tsayar da motoci a busa musu ƙaho. Shekarun mamayar Jamus ne kawai suka katse wannan al'ada a wurin. Mutanen Ostareliya kuwa sukan keta rabin duniya zuwa Gallipoli ta ƙasar Turkiyya domin asubahin 25 ga Afrilu, ranar da kakanninsu suka sauka can a 1915, a wani yaƙi da ma ba su ci ba.

Wanda ya fi dacewa mu lura da shi cikin waɗannan wurare shi ne ƙauyen Oradour. Ranar 10 ga Yuni 1944 sojojin Jamus suka kewaye shi, suka harbe maza, suka tara mata da yara a cikin coci suka cinna wuta, mutum sama da 640 suka halaka. Da aka gama yaƙi sai Janar De Gaulle ya ba da umarni kada a rushe kangon, kada kuma a gyara shi: a bar ƙonannun bangaye da tsatsattun motoci yadda suke, a gina sabon gari a gefe. Har yau malaman makaranta suna kai yara suna nuna musu. Faransa ta san cewa gani ya kori ji, ta san cewa yaron da ya taka tokar ƙauyen da aka ƙone ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan kishin ƙasa.

To, mu fa? Mu da ƙasarmu ke cike da irin su Oradour, kuma ita wannan Faransa ce ta ƙone su, ina muke kai 'ya'yanmu?

Abin da muka iya tun 1960 shi ne rakiya. A gayyaci manyanmu zuwa bikin tunawa da yaƙin wasu, su ɗauki tawaga da kuɗin guzuri daga baitulmali, su tsaya a bayan mai masauki a ɗauki hoto. A watan Agusta na 2004 shugabannin Afirka fiye da goma suka hau jirgin ruwan yaƙin Faransa a gaɓar Toulon, ana bikin cika shekara 60 da saukar sojoji a kudancin Faransa. Ranar 14 ga Yuli 2010 sojojin ƙasashen Afirka 13, har da namu, suka yi fareti a babban titin birnin Paris. An yi tafi, an yi jawabi a kan zumunci da jinin da aka zubar tare. Shin a cikin tawagar tamu akwai wanda ya tuna cewa a daidai wannan rana ta 14 ga Yuli, shekara 111 kafin nan, a Dankori ta ƙasar Tasawa, Kyaftin Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da kisan da Voulet ke yi wa kakanninmu? In akwai wanda ya tuna, to, bakinsa bai furta ba.

Kada a ɗauka ina ƙyamar a ziyarci kaburburan sojojinmu da suka mutu a Turai. Haƙƙinsu ne. A yaƙin 1914 zuwa 1918 Faransa ta ɗebi kusan mutum 200,000 daga baƙar fatar Afirka, wajen 30,000 ba su dawo ba; duk ana kiransu 'yan bindigar Senegal, alhali a cikinsu akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa da Dandawa. A Chasselay, kusa da birnin Lyon, a watan Yuni 1940 Jamusawa suka ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka bindige su, kuma 188 daga cikin sojojin Afirka suna kwance a wurin cikin wata maƙabarta mai jan bango da aka gina bisa fasalin ginin ƙasarmu. Duk ɗan Nijar da Allah ya kai Lyon, ya kamata ya ratse ya yi musu addu'a. Abin da nake ƙyama shi ne bikin da ake yi a kan matattu alhali an yi watsi da rayayyu. Ita Faransar da ke ajiye furanni ita ce a ƙarshen 1959 ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon mazan jiyanmu, ya zamana wanda ya kwana rami ɗaya da Bafaranshe a fagen fama yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya riga ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai a farkon 2011, lokacin da yawancin masu shi suna ƙarƙashin ƙasa. Mazan jiyan da muka taso muna gani a Dosso da Gaya da tsohuwar jar hula da lambobi a aljihu, haka suka ƙare.

Amma bari mu bar Turai mu dawo gida, domin nan maganar take.

A farkon 1899 wata runduna ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ke jagorantarta, shi Chanoine ɗan wani janar ne da ya riƙe ministan yaƙi na Faransa. Ranar 8 ga Janairu suka kashe mutum 101 a Sansanin Hausa, har da mata da yara. Daga nan suka biyo ta wannan jaha tamu ta Dosso. A watan Fabrairu suka afka wa Junju, garin da har zuwa 2011 yake cikin gundumar Gaya, garin da 'yan kasuwarmu ke ci kasuwarsa, garin da ma'aikatanmu ke ɗaukar tura su can a matsayin horo. Suka haura Dallol Mawri suna ƙone rumbuna, suna kwashe dabbobi, suna kama maza su ɗora musu kaya, wanda ya gaza a sare shi a bar wa kuraye. A tsakiyar Afrilu suka isa Lugu, arewa maso gabas da Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu ta ƙi ba su hanya. Maharbanta suka tsaya da baka da kibiya gaban bindigogi, suka kashe wa Voulet mutum huɗu, kafin su janye cikin kurmi a ƙone garin. A farkon Mayu aka kai ga Birnin Ƙwanni, inda aka yi kisan da ya fi kowane muni; masu tarihi sun saɓa a kan adadi, daga masu cewa ɗaruruwa zuwa masu cewa dubbai, kuma wannan saɓani shi kansa shaida ne cewa babu wanda ya damu ya ƙidaya. Wani abin da zai ba ɗan kan iyaka dariya mai ɗaci: bisa yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, duk abin da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato rabon Ingila ne, ke nan Ƙwanni a ranar da aka ƙone ta ba ta ma cikin rabon Faransa.

Labarin ya kai Paris ta hanyar wasiƙar wani laftana mai suna Peteau da Voulet ya kora daga rundunar. Aka turo Kanar Klobb, ya bi sawunsu, bai buƙaci ɗan jagora ba, domin ƙonannun garuruwa da rijiyoyin da aka cika da gawa sun ishe shi alama. Aka harbe shi a Dankori. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojin rundunar suka yi bore suka kashe Chanoine da Voulet a Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen Yuli, suka kai Kusuri inda aka kashe Rabe a watan Afrilu 1900. Da wani ɗan majalisa, Vigné d'Octon, ya nemi a kafa kwamitin bincike a ƙarshen 1900, majalisar Faransa ta yi watsi da buƙatar; daga baya aka rufe maganar da cewa wai zafin rana ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin biyu. An la'anci mutum biyu, an riƙe ƙasar da suka ci. Kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi, kowa ya san wurinsu. Mai karatu, ka tambayi kanka sunan mutum nawa ka sani cikin waɗanda suka kashe.

Fage na biyu ya fi wannan kusa da zuciyar ɗan kasuwa, domin a kan haraji da aikin tilas aka yi shi. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya tara talakawa a Kobkitanda, kudu da Dosso, suka ƙi biyan haraji, suka kashe dogaran kumandan da aka aiko. Ranar 4 ga Janairu 1906 rundunar Faransa ta afka musu. Aka kashe Laftana Tailleur, amma aka watsa garin. A daidai wannan lokaci Umaru na Karma shi ma ya ɗaga tuta a bakin kogi, arewa da Yamai. Alfa Saibu ya tsallaka iyaka ya faɗa Satiru, kudu da Sakkwato, inda ake kiransa Ɗan Makaho. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 mutanen Satiru, manoma da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, riƙe da gatura da fartanya, suka karya rundunar Ingila, suka kashe Razdan Hillary da wasu Turawa biyu da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace babbar bindiga. Ranar 10 ga Maris Ingila ta dawo da ƙarfinta, aka kashe mutum wajen 2,000, aka kwashe mata da yara, aka baje garin, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Faransa da Ingila, waɗanda ke hararar juna a kan kowane taƙi na ƙasa, sai ga su suna musayar labari a kan talaka ɗaya makaho. A wannan shekarar dai suka sake zana iyaka, suka aiko ma'aunansu suka kafa turaku 148 tun daga bakin Kwara har tafkin Cadi. Turakun nan har yau gwamnatocin Nijar da Najeriya suna kashe kuɗi wajen gyara su. Duk direban da ke bin hanyar Gaya zuwa Dosso zuwa Dogon Dutsi zuwa Ƙwanni ya faɗa mana alluna nawa ya gani da ke nuna wa matafiyi inda aka yi waɗannan yaƙe-yaƙe.

Me ya kawo wannan shiru? Amsar da ake so mu bayar ita ce laifin Nasara ne, shi ya rubuta littattafan makaranta, shi ya ɓoye takardu. Akwai gaskiya a ciki, amma Nasara ya sauke tutarsa tun 1960, kuma ba shi ya hana mu sayen buhun siminti daga Malbaza ba. Gaskiyar da ake kauce wa ita ce fagen fama ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda ya tsaya a Lugu ya tambayi wa ya harba bindiga, za a ce masa Turawan da ke cikin rundunar Voulet ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan duk baƙar fata ne, an ɗebo su daga ƙasashen Bambara da Mosi, wasu da alkawarin ganima da bayi. Wanda ya tsaya a Kobkitanda za a ce masa mahayan Zarmakoy Auta na Dosso suna cikin waɗanda suka kewaye garin. Wanda ya tsaya a kufan Satiru za a ce masa Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya goyi bayan Ingila, ya kuma la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidajen da suka tsaya tare da Nasara a 1906 su ne suka fara kai 'ya'yansu makarantar boko, su ne suka gāji kujerun mulki a 1960, kuma ba a sa ran mutum ya ɗauki 'yan makaranta ya kai su inda za a ambaci kakansa ta wannan fuska.

Ba na faɗin wannan don a tozarta wani gida. Sarakunan wancan zamani suna da nasu lissafi. Dosso ta karɓi Faransawa a 1898 ne tana cikin tsaka mai wuya, shekara biyu bayan an kashe Isa Korombe a yaƙin Bumba, maƙiya sun kewaye ta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Sarkin Musulmi kuma ya ga abin da ya faru a Giginya da Burmi a 1903, ya san abin da bindigar Ingila ke iya yi wa Sakkwato. Duk wannan abin a faɗa wa yara ne a wurin, su auna da hankalinsu. Jikan da bai yi laifi ba babu abin da zai biya. Amma a ce saboda kunyar gidaje ƙalilan za a bar dubban matattu babu suna, wannan ciniki ne da babu ɗan kasuwar kirki da zai sa hannu a kai.

Tarihin yadda hukumominmu suka riƙi Sarauniya Mangu ma abin dubawa ne. Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da kaso, shi ya fito da sunanta duniya a littafinsa na 1980. Da Med Hondo ya tashi mayar da littafin fim, an shirya ɗaukarsa a Nijar, amma hukumomin lokacin suka janye, sai Burkina ta Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. Fim ɗin ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Yau sunan Sarauniya ya zama ado a bakin kowane mai jawabi, an sa wa gidan rediyo, an sa wa lambar girma. Sunan ya yi arziki a Yamai. Ita kuwa Lugu, inda sarautar ta ci gaba har zuwa wannan ƙarni, nawa ne cikin masu jawabin suka taɓa shan ruwan rijiyarta?

A watan Oktoba 2024 hukumomin soja sun sauya sunayen wasu wurare a Yamai: titin De Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, aka cire hoton Monteil aka sa na Sankara, ginin tunawa da matattun yaƙin duniya biyu aka sa masa suna Bubandey Batama, aka ce daga yanzu na dukkan waɗanda suka mutu ne tun daga mulkin mallaka har zuwa yau. Madalla, kuma an makara. Sai dai sauya allo a babban birni aiki ne na yini ɗaya da gwangwanin fenti. Gini ɗaya da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba na kowa ba ne, domin babu sunan Junju a jikinsa, babu sunan wanda ya faɗi a Kobkitanda. A jerin ranakun hutu na ƙasa akwai 3 ga Agusta, akwai 18 ga Disamba, tun 2024 an ƙara 26 ga Yuli. Babu rana ɗaya ta 1899 ko ta 1906.

Abin da ya fi ciwo ya fito fili a 2025. Shekaru da dama wasu al'ummomi na garuruwan da Voulet ya ƙone, bisa jagorancin wani malamin tarihi na Junju da ya fara wannan fafutuka shi kaɗai, suna neman Faransa ta amsa laifi ta buɗe takardunta. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya ɗauki muryoyinsu, lauyoyi suka kai kukansu gaban mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya. Faransa ta amsa a rubuce: ba ta ɗauki alhaki ba, amma ta ce ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, ta kuma ce ba ta samu wata buƙata daga gare su ba a kan mayar da kayan da aka wawashe. Wato talakawan karkara da malamin makaranta sun kai magana har Janeba, gwamnatocin da suka yi ta shuɗewa a Yamai, na farar hula da na soja, ba su aika ko da takarda ɗaya ba. Kuma mu mutanen Gaya mun san gwamnati ta iya tonon takardun Nasara idan ta ga dama. A kan tsibirin Lete, nan bakin ƙofarmu, an ɗauki lauyoyi da masana, an tono wasiƙun gwamnoni da kumandoji na zamanin mallaka, an kai gaban kotun duniya, ranar 12 ga Yuli 2005 aka ba Nijar gaskiya. Hannun da ya iya buɗe akwatunan Aix-en-Provence saboda tsibiri, me ya shanye shi a kan jinin mutane?

Senegal ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A Thiaroye, kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga sansanonin fursuna na Jamus suna neman a biya su haƙƙinsu. Shekaru da yawa Faransa na cewa mutum 35 ne, kuma bore suka yi. Sembène Ousmane ya yi fim a kai a 1988, 'yan Senegal suka riƙa zuwa maƙabartar kowace shekara, masu bincike suka ƙi yin shiru, har a ƙarshen 2024 shugaban Faransa ya rubuta da hannunsa cewa kisan kiyashi ne. A 2025 Senegal ta fara tonon ƙasa a wurin, rahoton da masananta suka miƙa ya ce mamatan sun kai 300 zuwa 400. Da sun bar ciyawa ta cinye Thiaroye, da har yau adadin 35 ne.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ziyarar kaburbura da kafa alama bidi'a ce. Alhazanmu na Gaya, waɗanda ba sa barin Madina sai sun je dutsen Uhudu sun yi sallama ga Sayyidina Hamza da sauran shahidai, an nuna musu tudun da maharba suka tsaya, su za su ba shi amsa. Haka ma dubban 'yan Nijar da ke zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato. Babu wanda ya ce a gina ƙubba ko a yi yanka. Shinge ake nema don kada garma ta bi ta kan ƙasusuwa, da allo mai ɗauke da rana da suna, da itatuwan inuwa. Wani kuma zai yi ƙasa da murya ya ce ai mutanen Lugu Azna ne. To, harsashin Voulet bai tambayi kowa kalmar shahada ba. Ya kashe Azne a Lugu, ya kashe mai salla a Ƙwanni, kuma duk ƙasa ɗaya suka kare.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Tun daga 2024 an sha kai hari a wannan jaha, a kan bututun mai da sojojin da ke gadinsa da kuma ƙauyukan kan iyaka, kuma babu uban da zai sa ɗansa a mota zuwa dajin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba. Amma wannan hujja ce ta jinkirta tafiyar yara zuwa wasu wurare, ba ta hana a fara aikin da ke gaban tafiyar. Hasali ma ita ce ke nuna gaggawar abin. Muna da sababbin matattu: sojoji 71 a Inates a watan Disamba 2019, wasu 89 a Shinagodar a watan Janairu 2020, da waɗanda suka biyo baya. A Tongo Tongo a 2017 Amurkawa huɗu suka mutu tare da sojojinmu; duniya ta haddace sunayen Amurkawan, namu kuwa sai iyayensu. Ƙasar da ba ta koyi riƙe sunayen 1899 ba, haka za ta saki na 2019, kuma sojan da ke bakin daga yana kallon yadda ake yi da waɗanda suka riga shi.

Saura masu cewa ana fama da tsadar hatsi wa ke ta tarihi. Ga 'yan kasuwar Gaya wannan magana ba ta da ƙarfi. Tun da aka rufe gadar Malanbil a ƙarshen Yuli 2023, aka koma fito da kwalekwale, manyan motocin Kwatano suka ɗauke ƙafa, kowa a garin nan ya ɗanɗana abin da layin da Turawa suka ja ke iya yi wa tukunyarsa. Wanda ya rasa cinikinsa saboda iyaka ya cancanci ya san yadda aka yi iyakar, da jinin wa aka yi ta. Kuma garuruwan Normandi da Ypres ba sadaka suke yi ba. Masu masauki da masu abinci da masu motoci suna ci daga baƙin da ke zuwa. Ba na yi wa kowa alkawarin Junju za ta zama Normandi, amma motar ɗalibai ɗaya da ta kwana a gari ta fi babu.

Saboda haka ba gwamnati nake jira ba, ku nake wa magana. Attajiran garin nan da ke gina masallatai da biya wa mutane kujerar Makka ba za su gaza shinge da allo ba. Sandikar masu motoci tana iya ba da mota biyu sau ɗaya a shekara. Malaman tarihi na makarantun sakandare, da jami'ar Dosso da aka kafa a 2014, da cibiyar tattara tarihin baka da ke Yamai tun 1968, aikinsu ke nan. Kimba Idrissa ya riga ya share fage tun 1981 da bincikensa a kan Kobkitanda da Karma, saura a fassara shi zuwa Hausa da Zabarmanci da Dandanci a sa a hannun yara. Abin da ake nema daga kantoma da gwamna kaɗan ne: izini, da rakiyar jami'an tsaro, da kuma su bar jawabin ga tsofaffin garin. Idan aka mayar da ziyarar taron jam'iyya ko na goyon bayan mai mulki, da riguna masu hoto da kuɗin zama, to, an sake kashe mutanen karo na biyu. Kwanakin ma sun zo da sauƙi, duk a rani suke: Kobkitanda a Janairu, Junju a Fabrairu, Lugu a Afrilu, Ƙwanni a Mayu kafin ruwa ya sauka. Ranar da hanya ta yi kyau kuma, a nemi 'yan uwa na Kamba da Argungu da Sakkwato a ƙarasa tare har kufan Satiru, yadda Ɗan Makaho ya ƙarasa.

Abin da ba ya jira shi ne sunaye. Waɗanda suka ga Voulet da idonsu sun daɗe da tafiya, 'ya'yansu ma haka. Jikokin da suka ji daga bakin kakanni su ne yanzu ke da shekara saba'in da tamanin, kuma kowace damina tana tafiya da wasu. A ba malamai biyu littafin rajista da na'urar ɗaukar murya, su zauna gida-gida su rubuta wa aka kashe, ɗan wa ne, a wace rijiya ko wane kwari aka binne shi, wa aka kama aka tafi da shi bai dawo ba. A fara da Junju, don ita ce mafi kusa da mu, kuma mutanenta sun riga sun soma.